Ƙarfen Ɗumama Ɗaki da Tokar Murhu

Ranar wata Laraba da hantsi, a wani gari mai sanyi a kan tsaunukan Filato, wata mata ta kira ɗan gwangwan ya kwashe wasu ƙarafa daga gidan da suka tare. Tsohon gida ne na Turawan haƙar kuza. A jikin bangon kowane ɗaki akwai wani ƙarfe mai kama da haƙarƙari, wanda a da ruwan zafi ke bi ta cikinsa daga wata tukunya a bayan gida, ya ɗumama ɗakin. Yanzu tsatsa ta rufe su, sun yi jawur kamar tofin goro. Na falo kaɗai ke da fentinsa fari tas, shi ta ce a bar mata. Hankalinta dai yana kan mahaifiyarta mai ciwon asma: sanyin garin na tayar mata da ciwon, in kuma an shigar mata da kaskon garwashi hayaƙi ya shaƙe ta, sai asibiti. Wani dattijo da ke gyara musu famfo a tsakar gida ya ji ƙarar guduma, ya leƙo ya ce, "Haba 'yata, mara lafiya ake binnewa ko gawa? Bari a duba su tukuna."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da sifana, yana kasa kunne. Ya toshe bakin kowanne, ya cika shi da ruwa, ya sa ta barbaɗa tokar murhu a ƙarƙashinsu, ya ce kada a taɓa sai gobe. Da gari ya waye ta tarar da tokar farin nan ta jiƙe sharkaf. Ashe tsatsa ta cinye shi ta ciki, fenti ne ya rufa masa asiri. Na ɗakin tsohuwa kuwa, wanda ya fi duka muni, tokarsa a bushe ƙamas. Tsatsarsa iyakarta fata. Ta ɗaura zani, ta zauna da burushin waya tana kankarewa har baƙin ƙarfen ya fito, shi kuma yana ɗura ruwa yana zubar da baƙar laka, sai da ruwan ya fito garau. Ya gyara bututun da ya haɗa ƙarfen da tukunyar, aka hura itace ƙarƙashin tukunyar, hayaƙi ya tsaya can bayan gida. Ta dafa ƙarfen ta ji gindinsa da ɗumi, samansa ƙanƙara. Dattijon ya sassauta wani ɗan ƙaramin noti a gefe, iskar da ta maƙale ta fito da huci, zafi ya hau a hankali har ya taɓa tafin hannunta. Farin na falo shi ɗan gwangwan ya ɗora a kura. Tsohuwa kuwa ta fita sanyin shekarar nan ba kasko a ɗakinta, ba kuma asibiti.

Shi ya sa Hausawa suka ce, da tsohuwar zuma ake magani.