Addu'a a Tafin Hannu

Tun da aka kafa ƙofar nan mai jin bugun zuciya a asibiti, mai fargaba ba ya shiga wurin mara lafiya. Wai tsoro yana yaɗuwa kamar mura.

Gobe za a yi wa Hansatu dashen ɓargo, yau kuma ƙofar ta ƙi buɗe wa Inna Tabawa, uwar da ta haife ta.

"Mama, ki kwantar da hankalinki ki sake gwadawa," in ji nas.

"In kwantar da shi a ina? 'Yata ce a ciki. Na dogara ga Allah, amma ai uwa ce ni, ba dutse ba."

Sai ga Ɗanlami, ƙanin mijinta, wanda bai taɓa tambayar jikin yarinyar ba. Tun bai ƙaraso ba ƙofar ta buɗe.

Inna ta haɗiye takaici, ta kamo hannunsa, ta yi addu'a ta tofa a tafinsa. "Ka shafa mata a goshi."

Ta gilashi take kallonsa. Yana shiga aka nuna masa famfo da sabulu. Ya wanke hannun tas, har yana hamma.