Sunan Zulmira a Kan Dutsen Kicin

Zulmira ta zuba mai a tsumma ta fara shafa wa sabon dutsen saman teburin kicin ɗinta daga gefen murhu. Duk wanda ya tashi a garin Mariana ya san ba a ɗora tukunya a kan irin wannan dutse mai santsi, da ake kira dutsen sabulu, sai ya sha mai, ya juya daga ruwan toka ya koma baƙi.

Mijinta Olavo ne ya sayo shi, kyautar cikarta shekara hamsin da uku. Ta so su zaɓo tare, ya ce ta huta. A garin Santa Rita ya samo, wajen wani mai yankan dutse Seu Jurandir, wato Malam Jurandir. Da mahaifiyarta Dona Efigênia, wato Uwargida Efigênia, ta ji sunan wurin, sai ta ajiye kofin kofinta.

"Na ce muku kada ku taka gidan mutanen nan. Duk garin ba wani mai dutse ne?"

Ba wanda ya kula ta. Tsohuwar dama ba ta rasa doka. Ita ce tun Zulmira na 'yar shekara huɗu take rina mata farin gashin nan da aka haife ta da shi a goshi, wai kada yara su tsokane ta. Har yau Zulmira ba ta wuce mako uku ba ta rina shi ba, sai wannan watan da aikin kicin ya sha mata kai.

Dutsen ya yi baƙi ko'ina, ban da wasu layuka kusa da kwanon wanke-wanke da suka ƙi shan man. Ta ƙara shafawa. Layukan suka ƙara fitowa, har suka zama haruffa.

ZULMIRA DAS DORES BRAGANÇA.

Tsumman ya faɗi daga hannunta. Ƙarƙashin sunan akwai tauraro da ranar haihuwarta, tara ga Yuni, 1971. Ƙarƙashinsa kuma gicciye, alamar ranar mutuwa a kan kabari, da sha huɗu ga Yuni. Shekarar ba ta nan, an yanke ta tare da gurbin da aka zaunar da kwanon.

Yau Talata ce, sha ɗaya ga wata.

Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba. Nan take ta shiga tuno abubuwa. Olavo da ya hana ta raka shi. Olavo da bai taɓa dafa ko ruwan zafi ba, amma kwana biyun nan shi ke kawo mata kofi har gado. Da ya dawo cin abincin rana ta rufe wurin da tawul, ta zuba masa wake da shinkafa, ita ta ce cikinta ke ciwo. Ya miƙo mata ruwa. Ta karɓa ta zubar a gindin fure.

Ranar Laraba ba ta sa komai a bakinta ba sai ayabar da ta ɓare da kanta. Ranar Alhamis, saura kwana ɗaya, ta ɗaura ɗankwali ta hau motar Santa Rita da kwalbar man a jaka.

Ta sami Seu Jurandir a bakin zarto, ƙurar dutse ta rufe shi fari fat, hula har gira.

"Ina guntun da ka cire daga dutsen da mijina ya saya?"

"Dona, lafiya? Tsagewa ya yi?"

"Ni dai nuna min. Nawa ya ba ka ka rubuta?"

"Rubuta me? Mijinki ko ciniki bai iya ba, baiwar Allah. Mai araha kawai ya ce."

Ya tono guntun daga tarin da ake ajiyewa don sassaƙa ƙananan tukwane. Ta zuba mai a kai. Lambobin suka fito a hankali.

1971.

Ta zauna a kan wani dutse. Dariya ta kusa kuɓuce mata. Ashe ba gobe ba ne. Ashe Olavo kofi kawai yake dafawa.

Seu Jurandir ya leƙa guntun ya dafe kai.

"Wayyo, ki yafe ni. Murfin kabarin nan ne! Na rantse na ɗauka babana ya goge shi tas. Shekara hamsin yana jingine bayan rumfa."

"Na wace ce?"

"Wata jaririya, kwana biyar ta yi a duniya. Uwar ta zo da kanta ta sa aka rubuta. Bayan kwana uku ta aiko wai a bar shi, Allah ya mayar mata da 'yarta. Babana ya ce baƙin ciki ne ya taɓa ta, bai ja maganar ba. Mu ma lokacin ta kanmu muke yi." Ya nuna bayan rumfar da hannu. "A makon ne aka ɗauke ƙanwata daga kwando, nan bayan rumfar, mamata na shanya. Har mamata ta mutu tana leƙa goshin 'ya'yan mutane a kasuwa."

"Goshi?"

"Duk gidanmu da shi ake haifarmu."

Ya cire hular don ya share gumi. A tsakiyar goshinsa akwai tsagin farin gashi, faɗin yatsa biyu.

Zulmira ta kai hannu ta ja ɗankwalinta ƙasa, amma ta makara, Seu Jurandir ya riga ya kafa ido a goshinta, inda rinin ya fara sakin farin gashin.