Ruwan Mamaci

Motar ta yi tari ta mutu a kan gangaren Caleta Parda. Hagu teku, dama hamada, a bayansu kuma ɗakin kwana mai taya da motar ke ja, inda ƙaramar 'yarsu Paloma ke kwance, zazzaɓi ya busar mata da leɓe. Jarkar ruwa kuwa tun safe babu ko ɗigo a cikinta.

Laifin Hernán ne, kuma matarsa Maritza ba ta ɓoye masa ba. Ita ta nace su yi hutu a wannan gaɓar, amma shi ke zaɓen masauki. Mutumin da ya rantse bai taɓa taka arewacin ƙasar ba, sai ga shi ya san kowane lungun da iska ba ta kaiwa. Ƙauyen masunta ne kawai ba ya tsayawa. A na ƙarshen ma hula ya ja har kan tabon da ya raba girarsa biyu, ya wuce famfo a guje.

"To, gwanin hanya, sai ka tatsa mana teku," in ji Maritza.

Ya bi wata siririyar hanya a ƙafa ba tare da dube-dube ba, ita tana biye. Bayan dutse suka tarar da animita, ɗan ɗakin da ake gina wa wanda ajali ya ɗauke babu shiri. Sabon fenti, furannin roba, da kwalaben ruwa a jere don kada mamacin ya yi ƙishi.

Hernán ya tsaya kamar an dasa shi. Can ya sunkuya ya rungumo kwalabe.

"Ka haukace, tsoho? Ruwan mamaci! Kan yarinyar zai huce!"

"Mai shi ba zai yi fushi ba."

Ya ruga wajen Paloma. Tsoro ya cika Maritza, ta durƙusa don ta roƙi gafara da sunan mai ɗakin. A jikin bangon an rubuta: Eliseo, teku ta ɗauke ka, mahaifiyarka ba ta daina zuwa ba.

Ta sa hannun riga ta goge gishirin da ya rufe gilashin hoton da ke ƙasan rubutun. Wani saurayi marar gemu ya yi mata murmushin da ta sani, da tabon nan da ya raba girarsa biyu, sak na mijinta.