Koren Tafki

Tunda ka ce ba ka ga amfanin wahalar da masana ke sha wajen raba halittu gida-gida ba, gyara zama ka ji.

An yi wani makiyayi mai baki kamar rediyo. Kullum a majalisa yana bugun ƙirji, wai shi tun yana goye ya sauke karatun halitta. Duk mai rai, in ji shi, gida biyu ne: mai motsi dabba, mai kore ciyawa, na farko ya ci na biyu, shi ke nan, a shafa fatiha. Wannan bakin ne ya sa manoman unguwa suka damƙa masa shanun huɗarsu ya yi musu kiwon rani, har da bijimi ɗaya tilo na wata mata mai marayu. Da bazara ta yi tsanani, tafkin bayan gari ya janye, ruwan ya yi kauri, ya yi kore shar kamar an zuba fenti, ga wani ɗan wari. Fulani masu wucewa ma zagaye shi suke yi. Gogan naka ya tsaya ya ƙare masa kallo. Ba ƙafa, ba wutsiya, ga shi kore. Ai ciyawa ce ta jiƙa kanta, ci da sha a akushi ɗaya, an huta da jan guga! Ya kora shanu ciki, suka sha suka yi tim. Kafin la'asar sun kama makyarkyata, yawu na dalala, suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu ko wuƙa ba a samu sa musu ba.

Gari ya taru a bakin tafki. Malamin dabbobi ya duba ruwan, ya ce abin nan ba ciyawa ba ne, ba kuma dabba ba. Wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne marasa saiwa da ganye, gidansu daban, kuma in suka yi yawa wasunsu dafi suke saki. Makiyayi ya ce atafau, sammu aka yi wa shanu, kore dai ciyawa ne ko a gaban alƙali. Uwar marayun nan ba ta yi kuka ba. Ta tsoma ƙwarya, ta ciko ta fal, ta durƙusa ta miƙa masa da hannu biyu.

"To, malam, ai mu ma da ganye muke miya. Bismilla, kurɓa."

Ya dubi ƙwaryar, ya dubi bijiminta kumbure ƙafafu a sama, ga hadarin farko na haɗowa a gabas, babu mai jan garma. Hannunsa ya ƙi miƙuwa, bakin nan ya mutu murus.

Ka ji abin da ya sa Hausawa suka ce kama da wane ba wane ba ne.