Mai Riƙe Labule

"Baba, hoton Mama nake so, in nuna wa jikanka," in ji 'yar mai hoto bayan an watse zaman makokin mahaifiyarta.

Mai hoton ya zazzage akwatunan shagonsa. Tun yana ango ya zana layuka a gilashin kyamararsa, daidai girman takardar hoto, duk abin da ya faɗa bayan layi sai almakashi. A can matarsa take tsayawa tana riƙe masa labulen bayan hoto, shi kuwa kullum maganarsa ɗaya: "Matsa kaɗan, kina shigowa."

Ya bi hotunan amare, ɗalibai da jarirai ɗaya bayan ɗaya.

"Ka samu, Baba?"

Bai iya ɗagowa ba. Ya miƙa mata hoton wasu baƙi suna dariya. A can gefe, inda almakashi ya kuskure, 'yan yatsun mahaifiyarta ne kawai suka rage.