Takalman da Malam Tanimu Ya Adana

Kai da kake cewa sai ranar ta zo za ka shirya, matso ka ji misalin Malam Tanimu, malamin motsa jiki da ya yi shekara ashirin da biyu yana horar da ƙungiyar ƙwallo ta wata kwaleji a bayan gari. Filin nasu ba wani abin a zo a gani ba ne. Jar ƙasa ce da tsakuwa, da toka ake ja masa layi, turakun raga kuwa tsofaffin bututun ruwa ne da ya kai aka yi musu walda. Amma ran mutumin nan yana cikin filin. A shekararsa ta ƙarshe kafin ritaya hukumar kwaleji ta ce za ta gina azuzuwa a wurin, tunda ƙungiyar ba ta taɓa kawo ko cokali ba, balle kofi. Ya yi ta sintiri ofishin shugaban kwaleji har shugaban ya gaji da ganinsa, ya ce to, in sun ɗauko kofin kwalejoji na bana za a bar musu fili, in sun kasa kada ya sake tayar da maganar. Shugaba ya faɗa ne don ya rabu da shi, shi kuwa ya riƙe maganar hannu bibbiyu.

Da tsofaffin kambas ɗaliban suka shiga gasa, wasu da faci, wasu an ɗinke bakinsu da zaren buhu. Wasan farko aka lallasa su, na biyu suka yi kunnen doki, daga nan kuma sai Allah ya buɗa musu. Suka yi ta ci har suka fito daga rukuni, suka shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale, inda faɗuwa ɗaya ke mayar da mutum gida. A lokacin ne wani tsohon ɗalibi ya ji labari, ya aiko musu da kwali cike da takalman ƙwallo sababbi fil, masu ƙusoshi a ƙasa, irin waɗanda suke gani a talabijin kawai. Sauran mako shida ke nan a yi wasan ƙarshe. Kyaftin ɗinsu, Sabitu, ya roƙi a ba su su riƙa atisaye da su ƙafa ta saba. Malam Tanimu ya ƙi. Shi a gidan da ya tashi, sabon kaya a ƙasan akwati yake kwana sai safiyar Sallah, kuma bai ga dalilin da zai sa tsakuwar filinsu ta cinye abin arziki tun kafin ranarsa ba. Ya kulle kwalin a sito, ya rataya mabuɗi a wuya. Wani lokaci yakan shiga shi kaɗai, ya ɗauko ɗaya ya shafa, ya mayar. Ba mugunta ba ce, tsabar tattali ne irin na wanda bai saba samu ba.

Da kambas ɗin nan suka ci wasan kusa da na ƙarshe, cikin ruwan sama, a bugun fenariti. Ranar tafiya babban birnin jiha domin wasan ƙarshe Malam Tanimu ya buɗe sito, ya miƙa wa kowa nasa, ya ce a bar tsummokaran nan a bayan ƙofa, kada a je birni a sha kunya. Suka shiga filin ciyawa suna ƙyalli, Malam Tanimu har da share ƙwalla. Minti goma sha biyar da farawa Sabitu ya jefa ƙwallo a raga. Daga nan sabuwar fata ta fara cin dunduniya. Wannan ya ɗingisa, wancan ya durƙusa yana sassauta igiya, mai tsaron baya da ba a taɓa wuce shi ba aka wuce shi sau biyu kamar yana tsaye. Da aka tafi hutun rabin lokaci suka tuɓe takalma, safa duk ta jiƙe da jini, bororo ya farfashe har tsakanin yatsu. Sabitu ya dubi Malam Tanimu ya ce, “Malam, da ma kambas ɗinmu suna cikin mota.”

Suna can bayan ƙofar sito, tafiyar awa huɗu, inda shi da bakinsa ya ce a zubar da su. Ya roƙi alƙalin wasa ya bar su su buga ba takalmi, aka ce doka ta hana. Haka ya tsaya a gefen fili yana kallon mutanensa suna gudu kamar masu taka garwashi, har aka tashi uku da ɗaya. Abin da ya fi ci masa rai, waɗanda suka ci su ba su fi su iya ƙwallo ba, kuma kowa a motar dawowa ya san haka.

Kafin damina ta ƙare katafila ta shiga filin, aka tumɓuke turakun bututu aka jibge bulo a inda raga take. Malam Tanimu ya yi ritaya cikin baƙin ciki, ya daina bin hanyar da ta wuce ta gaban kwalejin. Takalman kuwa an wanke su an mayar cikin kwali, sau ɗaya tak aka sa su, kuma babu sauran filin da za a sake sa su.

Shi ya sa masu iya magana suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.