Fuskar Alƙali

"Ko hotonsa ɗaya ba ki da shi?" in ji mai zanen, wani dattijo ɗan Zongon Kumasi da ke kafa teburinsa a bakin tashar jirgin ƙasa ta Stratford.

Babu. Mahaifina alƙali ne a Funtuwa, kuma har ya rasu bai yarda an ɗauke shi hoto ba.

Abin da ya kawo ni wurin dattijon shi ne tsohon zanen wani alƙalin Amurka da na gani a shagon kayan tarihi a unguwar Marylebone. Mai shagon ya ce masu irin wannan zane gari-gari suke bi, har ana cewa wasunsu da gangar jiki a zane suke zuwa, fuska kawai suke ƙarawa. Tun ranar na kasa sukuni.

Na kwatanta masa rawani da alkyabba da hannun da ke jan carbi, ya zana su tsaf. Sai muka zo kan fuska. Wallahi ta ɓace mini.

"Zauna, 'yata," ya ce. "Share hawayenki, ki dube ni kamar na kawo miki ƙara."

Yana kallona yana zane har ya gama.

Na kira mahaifiyata ta bidiyo, na haska mata zanen. Ta dubi fuskar. Sannan ta gyara mayafinta, ta sunkuyar da kai.

"Malam," ta ce wa zanen, "sannu da zuwa."